Lacca: Yadda ake zana taswirar ruwan ƙarƙashin ƙasa da hotunan tauraron ɗan Adam

Jama'a, barkanmu da warhaka. Ku fara riƙe wannan: tauraron ɗan Adam ba ya hango ruwan da za ku haƙa rijiya ku tarar. Alamominsa yake nuna mana a doron ƙasa, mu kuma mu tattara su mu ce nan ya fi can sa rai. A yankin da fari ya addaba, burtsatse ɗaya da aka haƙa ba ruwa asara ce mai ciwo.

Kayan aikin kyauta ake samunsu. A hotunan taurarin Landsat 8 da 9 kowane ɗigo yana wakiltar faɗin mita 30 a ƙasa, na tauraron Sentinel-2 kuwa mita 10. Tudu da gangara daga bayanan SRTM, wato awon tsayin ƙasa da aka yi daga sararin samaniya a shekarar 2000, ruwan sama daga kundin bayanai na CHIRPS, wanda lissafinsa ya faro tun 1981.

Inda ƙasa ke zaune kan dutse mai tauri, ruwa ba ya kwanciya sai cikin tsaga da kuma ruɓaɓɓen dutsen da ke sama. Tsagar takan fito a hoto kamar miƙaƙƙen layi, kuma inda biyu suka gicciye juna nan ne ake fi dacewa. To, a nan masu koyo ke tuntuɓe. Hanyar mota da layin wutar lantarki da iyakar gona duk miƙe suke, sai a zana su a matsayin tsaga. Don Allah ku ɗora taswirar hanyoyi ku share su tukuna. Sannan ku zaɓi hoton ƙarshen rani: ko'ina ya bushe ƙurmus, amma ga jerin itatuwa kore shar, alamar saiwarsu na taɓa laima. Ku dai tabbatar ba fadamar ban ruwa ba ce.

Daga nan sai a bai wa kowace alama nauyi: irin dutse, yawan tsaga, gangara, irin ƙasa, ruwan sama. Da yawa suna bin tsarin AHP na Thomas Saaty, wato a kwatanta alamomin biyu-biyu a fitar da nauyin kowace, inda ma'aunin saɓani, mai nuna ko kwatancen na cin karo da juna, bai kamata ya wuce 0.1 ba. Amma nauyin nan ra'ayin masani ne, shi ya sa dole a gwada taswirar da rijiyoyin da ke ƙasa, har da waɗanda suka ƙi ba da ruwa.

Kafin injin haƙa ya iso, a yi awon lantarki a wurin, wato a tura lantarki cikin ƙasa a ga inda yake wucewa da sauƙi, alamar laima. Shi ma a yi hattara, domin yumɓu yana nuna kansa kamar ruwa. A 2013 an yi shelar gano ɗimbin ruwa a Lotikipi da ke Turkana a Kenya, bayan an haƙa gwaji ya nuna gishirinsa ya yi yawa ga sha. Saboda haka idan kun samu ruwa, ku ja shi da famfo na awa 24 kuna auna yadda yake sauka da yadda yake dawowa, ku kuma kai samfurinsa ɗakin gwaji kafin a buɗe wa jama'a.