Lacca: Auna Ƙarfin Ƙwayar Halitta da Zaren DNA

Assalamu alaikum. Jama'a, ku ɗora lemo mai nauyin giram 100 a tafin hannu. Nauyin da kuke ji, kusan niyutan ɗaya ke nan. To ku raba shi gida tiriliyan, kowane kashi sunansa pikoniyutan. Da irin wannan ɗan ƙarfi ƙwayoyin jikinmu, wato sel, ke jan abin da suka manne masa. Wane sikeli zai auna shi? Ko na masu sayar da gwal bai isa ba.

Tun 1982 wani masanin kimiyya, Nadrian Seeman, ya ba da shawarar a yi gini da DNA, kada a bar shi a ma'ajiyar gado kaɗai. Amma dabarar da ta fi burge ni ita ce ta Xuefeng Wang da Taekjip Ha, a Jami'ar Illinois ta Amurka, a 2013.

DNA tufka ce ta zare biyu. In ka kama bakinsu ta gefe guda ka ja, sai ta buɗe kamar zif ɗin jaka, da pikoniyutan 12 kacal. In kuwa ka kama wannan ta sama, wancan ta ƙasa, sai ka kai wajen 56 kafin su rabu. Ku lura fa, tufkar ba ta canza ba, wurin kamun ne ya canza. Sai Wang da Ha suka kafa zare ɗaya a jikin gilashi, ɗayan suka ɗaura masa abin da integrin, wato furotin ɗin da sel ke mannewa da shi, ke cafka. In sel ya ja fiye da ƙarfin tufkar, ta tsinke, ya kasa mannewa, kamar yadda fis ke ƙonewa in wuta ta yi yawa. Da haka suka gano cewa sel na bukatar kamun da zai jure kusan pikoniyutan 40.

Su Khalid Salaita na Jami'ar Emory kuma lanƙwasa zaren suka yi, suka sa masa rini mai haske, wanda ba ya haskawa sai an ja zaren ya miƙe. Sun ga sel ɗin T na garkuwar jiki na ja da pikoniyutan 12 zuwa 19.

Sai dai kada mu zaƙe. Sel na fitar da sinadaran da ke datse DNA, sai ka ga alama alhali ba a ja komai ba. Kuma gilashi ba tsoka ba ne. Yawancin alƙaluman nan a kansa aka same su.