Mariƙin Banɗaki: Kafin Ka Saya, Duba Bangonka

Kwanan nan tambaya ɗaya ake ta aiko mana: mariƙin nan na kamawa a banɗaki don kada a faɗi, da ake talla a Facebook da TikTok, wanda ake dannawa ya manne a jikin tayil ba tare da huda ba, a saya wa Baba ko Hajiya? Ni dai a ganina, kada a saya. Ga dalili. Da zarar robar da ke manne shi ta hau kan layin da ke tsakanin tayil biyu, iska za ta shiga, sai ya saki. Ƙarfen rataye tawul ma haka, ba a yi shi don ɗaukar mutum ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum 684,000 ke rasuwa duk shekara sanadin faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa. Ku tuna dattijo yana tsaye da ƙafa ɗaya zai wanke ɗayar, ƙasa duk santsin sabulu.

To, ga inda ake kuskure. Mutum ya sayo mariƙin ƙarfe mai kyau, a huda tayil, a cusa gajeriyar fisha (robar da ake sawa a ramin don ƙusa ta kama), a ɗaure, a ce an gama. Tayil ba ya ɗaukar nauyi. Idan aka tsaga bango, ga abin da za a gani: tayil, filasta, sannan bulo. Bulon kuma rami ne a cikinsa. Idan injin huda yana tafiya sai ya zurma lokaci ɗaya, to ramin ya faɗa, kuma fishar ɓawon bulo kawai ta kama. Yau za ka ja ka ji daram, amma ranar da Baba ya zame ya fizge shi da dukkan nauyinsa, har tayil ɗin zai taho da shi.

Don haka a ce wa mai aikin ya nemi inda bulon yake cike, ko ya zuba kankare a ramin ya bar shi ya bushe, ko ya sa maɗaurin da aka yi musamman don bulo mai rami. Ya fara gano hanyar bututun ruwa, kada gyara ya koma ambaliya! Ƙa'idar Amurka ta ce mariƙi ya iya ɗaukar kilo 113, tsayinsa daga ƙasa santimita 84 zuwa 91, tazararsa da bango kusan santimita 4, don kada hannu ya zurma ta baya.

Sauran da sauri: mariƙi ɗaya a tsaye a bakin shiga shawa, ɗaya a kwance a ciki. Shimfiɗar roba mai hana santsi, kujerar wanka mai ƙarfi, fitila mai haske.

Kafin a huda, a kira wanda zai yi amfani da mariƙin ya shiga ya nuna inda hannunsa ke kaiwa idan zai tashi, a sa alama a nan. Bayan an ɗaure, ƙato ɗaya a gidan ya kama ya ja da ƙarfinsa. In ya motsa ko kaɗan, a kwance shi a sake ɗaurewa.