Hannun Wa Za Ka Sa Ɗanka Ya Koyi Kiɗa Da Wasa? Laccar Da Aka Yi A Sakkwato

Assalamu alaikum. Iyayenmu mata na can baya, kuna ji na? To, madalla.

An ce in yi magana kan yadda uba zai zaɓa wa ɗansa wurin koyon wasan kwaikwayo, ko kiɗa, ko rawar gargajiya. Abu huɗu na rubuto: malami, wuri, lokaci, da inda karatun zai kai yaro.

Na farko, malami. Jama'a, mu a ƙasar nan ba baƙon abu ba ne gare mu. Ƙasar da ta fitar da Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, da kotsonsa, ta fitar da Salihu Jankiɗi da kiɗan taushinsa a fadar Sarkin Musulmi, ai ta san yadda ake rainon mai fasaha. Yaya suke yi? Yaro ba ya zuwa yau ya ɗauki waƙa gobe. Sai ya ɗauki kaya tukuna. Ya koyi ɗaure ganga, ya san lokacin da fata ta saki da lokacin da ta yi tauri. Sannan a sa shi cikin 'yan amshi. Ku riƙe wannan kalma, amshi. Shekaru yana amshi! Me yake koyo? Yana koyon sauraro. Yana koyon inda maigida zai ja numfashi, shi kuma ya shigo daidai, ba gaba ba, ba baya ba. Yana koyon ladabin shiga fada, inda ake tuɓe takalmi, da wanda ake fara gaisarwa. Ni wannan tsari yana burge ni ƙwarai, wallahi yana burge ni, domin tarbiyya da sana'a tare suke shiga jikin yaro.

To yau fa? Ka ga allo ƙato a bakin titi, an rubuta suna mai tsawo da Turanci, ka leƙa ciki, lasifika ɗaya ce da wayar hannu. (dariya) Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa malami ita ce: Malam, wa ya koya maka? Wanda ya yi amshi a ƙarƙashin wani zai faɗi sunan maigidansa da fara'a. Kuma kar ka je ranar biki, ranar da aka sha ado. Je ka ranar gwaji, ka sami benci ka zauna. Ka duba abin da yake yi wa yaron da ya kuskure. Yana maimaita masa da haƙuri, ko yana kunyata shi gaban 'yan'uwansa? Alhaji na ga kana gyaɗa kai, ka taɓa gani ke nan. Amshi, jama'a, amshi. In kowa a ajin jagora ne tun makon farko, babu abin da ake koyarwa.

Na uku... a'a, na biyu ne, wuri. Daɓen siminti yana cin gwiwar yaro in ana tsalle kullum, gara rairayi ko katako. Ga zafinmu na watan Afrilu, yakan wuce digiri 40, dole a sami inuwa da randar ruwa. Lokaci kuma kar ya ci Islamiyya, yaro ya dawo gida kafin Magariba. Na haɗa biyu ke nan.

Mai son ya yi nisa, akwai sashen wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya da Jami'ar Bayero Kano, akwai kuma cibiyar koyon fim a Jos. Galibi suna neman kiredit a Turanci da adabin Turanci, don haka tun sakandare...

Na'am, Hajiya?

(Wata uwa ta ce ɗiyarta mai shekara 9 ba ta da magana sai waƙar gaɗa da tafi, tana tsoron abin da mutane za su ce.)

Hajiya, Allah ya raya ta. Tsoronki yana kan hanya, ba zan raina shi ba. Amma ki tuna Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864. Da waƙa ta karantar da matan karkara, jajis, wato matan da ta naɗa jagororin karatu, suna haddacewa suna kai wa 'yan taru, wato mata ɗalibanta, har ƙauyukansu. Yarinya mai kunnen waƙa baiwa gare ta, sai dai a duba hannun da za ta shiga. Ki nemi malama mace, ajin 'yan mata zalla, inda za a bar ki ki zauna duk ranar da kika ga dama. Ki ji baitukan da kunnenki kafin ta haddace. Kuma ki kafa sharaɗi tun ranar farko: ba a ɗaukar ta bidiyo a sa a TikTok ko Facebook sai da izininki da na mahaifinta. In malamar ta yi jinkirin amsa wannan, ki riƙo hannun ɗiyarki ku dawo gida.

Ga ladan can ya fara kiran La'asar. Hajiya, bayan salla ki turo mahaifinta mu ƙarasa maganar tare.