Kafin a kai yaro likita: abin da hannu zai yi da abin da zai bari

(Wata ma'aikaciyar jinya ce ta yi wannan lacca ga iyaye mata da kakanni da ƴan raino a wata unguwa cikin Maradi. An rubuta ta daga muryar da aka ɗauka, an rage gaishe-gaishe.)

Assalamu alaikum. Iyayena da ƙannena, sannunku da fitowa. Na ga kakanni sun cika gaba, kuma haka nake so, don idan uwa ta tafi kasuwa ko gona ku ne gida. Ƴan matan can na baya, ku matso kusa. Yawancin yini goyon a bayanku yake, don haka maganar nan taku ce.

Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ce a duba yaron da bai kai shekara 5 ba kyauta a likitar gwamnati. Mun san wani lokacin a je a tarar magani ya ƙare, sai an sayo a farmasi, amma wannan zancen wata rana ne. Yau maganata a kan mintocin da ke tsakanin faruwar abu da isa likita take. A cikinsu babu malamin lafiya, ke ce kawai. Kuma abin da ya fi ba mu wahala a wurin aiki shi ne yaron da aka riga aka yi wa taimakon da ya ƙara masa ciwo, alhali da ƙauna aka yi.

Mu fara da shaƙewa, tunda Maradi garin gyaɗa ne. Ƙwayar gyaɗa, aya, ƙwallon dabino, murfin biro, duk daidai suke da maƙogwaron yaro. Wanda bai kai shekara 4 ba kada a ba shi gyaɗa ƙwaya-ƙwaya, a daka masa. Idan ya shaƙe yana tari da ƙarfi, yana kuka, ki bar shi ya yi tarin, iska tana wucewa. Mai haɗarin shi ne wanda ya yi tsit, baki buɗe, ba kuka, leɓe yana canja launi. In bai cika shekara ba, ki kifa shi a kan hannunki, kai ƙasa da jiki, kina tallafe da haɓarsa, ki buga tsakanin allunan kafaɗarsa sau 5 da gindin tafin hannu. Bai fito ba? Juya shi rigingine, ki sa yatsu biyu a tsakiyar ƙirji, ƙasa kaɗan da layin nono, ki danna sau 5. Haka za ki dinga yi, baya, ƙirji, baya, ƙirji. In ya wuce shekara, bayan bugu 5 ɗin ki tsaya ta bayansa, ki dunƙule hannu bisa cibiya, ki ja ciki da sama sau 5. Kada ki zura yatsa kina lalube abin da ba ki gani, turawa za ki ƙara yi. Kada kuma a ɗura masa ruwa.

Sai jijjiga, wadda wasu ke ce wa taune-taune. Nan zan daɗe, Inna, ki yi haƙuri da ni. Da damina ta kankama, wajen Agusta da Satumba, zazzaɓin cizon sauro ne ke cika mana gadaje, kuma shi ne ke kawo jijjigar nan sau da yawa. Yaro ya sandare, ido ya juye, gida ya rikice. Wannan ta kawo cokali ta cusa a baki, waccan ta kawo man shanu, wani ya ce a yi hayaƙi, a kara ƙafarsa a wuta ya farfaɗo. Cokali yana karya haƙori. Duk abin da aka ɗura wa yaron da ba ya cikin hayyacinsa, man shanu ne ko rubutu, huhu yake iya tafiya. Hayaƙi yana ƙara toshe numfashin da dama da ƙyar yake fita. Kuma ba a haɗiye harshe, a cire wannan tsoron. Ban hana addu'a ba. Baki yana addu'a, hannu yana aiki: ki kwantar da shi a gefensa a ƙasa, ki janye abin da zai buge shi, ki rage masa tufa, ki duba lokaci a waya. In ta kai minti 5 ba ta tsaya ba, a kama hanya a hakan. In ta tsaya ma a kai shi likita ranar nan, kada a ce ai ya samu sauƙi. Ƙwayoyin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa gida-gida da damina, ga yara daga wata 3 zuwa wata 59, na kwana uku ne. Na farko a gaban ma'aikaci ake sha, na biyu da na uku a hannunku suke, kuma su ne nake yawan tararwa a ƙulle a bakin zane.

Ƙuna. Kunu mai zafi, man suyar ƙosai, garwashin murhu. Maganin farko ruwa ne, na pampo ko na randa, a dinga zubawa a wurin har minti 20. Da tsawo, na sani, a jure. Banda ƙanƙara. A cire awarwaro da guru kafin wurin ya kumbura, tufar da ta manne kuma a bar ta. Man goge baki, ƙwai, tawada, toka, kashin shanu, ko ɗaya kada a shafa, don sai mun kankare su kafin mu ga ciwon, yaron ne ke shan azabar. Kada a fasa bororo. A rufe da tsumma mai tsabta. In ƙunar ta fi tafin hannun yaron faɗi, ko a fuska take, ko hannu, ko al'aura, sai likita.

Esansi da kananzir da fiya-fiya, don Allah a daina zuba su a gorar ruwa. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ba shi manja ko nono. Esansi ko kananzir ɗin da ya dawo da amai huhu yake shiga. A ɗauko shi tare da gorar mu ga abin da ya sha.

Zawo kun san shi. Ƙunshi ɗaya na SRO, wato garin gishiri da sukari na maganin zawo, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, abin da ya kai awa 24 a zubar, ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, nono kuma ba a tsayar da shi. Yaron da ya kasa sha, ko yana amayar da komai, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ba na gida ba ne.

(Wata dattijuwa ta tambaya: in an tsamo yaro daga bokiti ko gulbi ba ya numfashi fa?)

Madalla, Hajiya. Ki tura mutum ɗaya da sunansa ya kira 18, lambar ƴan kwana-kwana, wani ya nemo abin hawa. Kada a ɗaga yaron a kife ana matsa ciki wai ruwa ya fita. Ki kwantar da shi a wuri mai tauri, ki ɗan ɗaga haɓa, ki hura masa iska sau 5, sannan danna ƙirji 30, hurawa 2, ki ci gaba a hakan. Wannan kam da baki ba ya koyuwa. Ga ƴar tsana nan a kan tabarma, ku taso biyu-biyu, Hajiya ke za ki fara.