Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Muhalli a Ziyararsa Ɗakin Bincikenmu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Mai girma Kwamishina, malamaina, ɗalibai, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa, sannu da hanya. Mun san yawan hidimar da ke gabanka, amma ka tako har wannan ɗan ɗaki namu. Allah ya saka da alheri.

Kwalaben da ka gani jere a kan tebur suna ɗauke da wasu 'yan halittun teku, dangin jatan lande da ƙaguwa, waɗanda da yawansu ba su kai ƙwayar gero girma ba. Su ne abincin ƙananan kifaye. Ɗan kaɗan na jan ƙarfe ko kadmiyam, wani ƙarfe mai guba, a ruwa ya isa ya hana su hayayyafa, ko ya kashe su.

Sai dai ba duka suke mutuwa ba. A ƙasar Girka, a tekun Saronikos da ke gaban birnin Atina, masu bincike sun gano cewa irin da ake kira Acartia clausi, idan daga gurɓataccen ruwa aka ɗebo shi, ya fi ɗan'uwansa na ruwa mai tsabta jure jan ƙarfe. Jikin irin waɗannan halittu yana ƙera wani sinadari, metallothionein, wanda aka fara ganowa a ƙodar doki a 1957. Shi ke damƙe ƙarfen ya ɗaure shi. Masu rauni su mutu, masu juriya su haifi irinsu.

Nan ne hankalina yake tashi, ranka ya daɗe. Mai dubawa zai ga halitta tana iyo, ya rubuta cewa ruwa lafiya lau. Alhali gubar tana nan cikin jikinta, ɗaure kawai take. A Kogin Hudson na Amurka, kusa da wata tsohuwar masana'antar batir, tsutsotsin laka sun saba da kadmiyam, jatan landen da suka ci su kuma suka kwashi gubar. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Busasshen jatan landen da ake zubawa a miya a gidajenmu kuwa, daga gaɓar teku ake kawo shi.

Kokenmu ɗaya ne: na'urar auna yawan ƙarafa a ruwa da jikin halittu. Yanzu sai mun tura samfuri wani gari, mu jira makonni, ɗalibai kuma su biya daga aljihunsu.

Bismillah, ranka ya daɗe, ka matso ka duba su ta madubin ƙara girma. Allah ya mayar da kai gida lafiya.