Makonnin Bogota: yadda iyayen riƙo ke zama a Kolombiya kafin su tafi da yaro

Masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa. Iyalin da ya tashi daga Amurka, Italiya ko Faransa don karɓar yaro a Kolombiya ba ya zuwa yau ya koma jibi. Doka ta tilasta masa zama a ƙasar tare da yaron, yawanci mako uku zuwa shida, wani lokaci ma fiye. Yau za mu bi makonnin nan daki-daki: me ake yi a cikinsu, kuma ina tafiyar take cijewa.

Mu fara cire wani ruɗani. Abin da kotun Kolombiya ke yankewa ba irin riƙon da muka sani ba ne, inda yaro ke tashi a gidan gwaggo ko kawu yana amsa sunan mahaifinsa. Can sunan yaro yake canjawa, a sake masa takardar haihuwa da sunan sabbin iyaye, dangantakarsa ta shari'a da dangin jini ta yanke. Wannan shi ne tabanni, wanda Musulunci bai amince da shi ba, shi ya sa ƙasa irin Maroko take bin tsarin kafala, wato riƙon da ba ya canja nasabar yaro. Amma halin da yaro ke shiga ranar da aka miƙa shi ga baƙin fuska iri ɗaya ne a ko'ina.

Hukumar da ke riƙe da ragamar komai ita ce ICBF, hukumar jin daɗin iyali ta ƙasar, tana aiki da doka mai lamba 1098 ta shekarar 2006 da kuma Yarjejeniyar Hague ta 1993, wadda ta tsara karɓar yara tsakanin ƙasashe. Tun 2013 ta daina karɓar buƙatun baƙi masu neman ƙananan yara lafiyayyu. Saboda haka yaran da ake bai wa 'yan waje yanzu galibi sun yi wayo, ko 'yan uwa ne biyu ko uku da ba a son rabawa, ko masu wata larura. Ke nan yaro ne mai tunani, ya san mutane, ya san wanda ya rasa.

Ranar farko ana kiranta encuentro, a ofishin hukumar ake yinta. Takan yi gajarta ƙwarai. Ma'aikatan walwala za su yi wa iyaye bayani, a shigo da yaro, a sa hannu, a fita da shi. Iyaye sun yi shekaru suna jiran wannan rana. Shi kuwa yaron, a ranar ce aka raba shi da uwar riƙon da ya saba da ita, da gadonsa, da abincinsa. Idan an gane wannan bambanci, duk abin da zai biyo baya ba zai ba da mamaki ba.

Kafin a bar ofishin, a zauna da biro da takarda a yi tambaya. Ƙarfe nawa yake barci, da fitila ko cikin duhu, shi kaɗai ko da wani a ɗakin? Wace madara yake sha, ludayi nawa, sau nawa a rana? Da ruwan ɗumi ake masa wanka ko na sanyi? Wane magani yake sha, yaushe ya sha na ƙarshe, ina katin rigakafi? Wane suna ake kiransa da shi a gida? A ci gaba da kiransa da wannan sunan. Kayan da ya zo da su a jiki, ko bargo ko 'yar tsana, kada a yi gaggawar wankewa, don ƙamshin gidan da ya baro yana jikinsu kuma shi ke kwantar masa da hankali da dare. Madara ma kada a canja ta a makon farko, canjin gaggawa yana kawo gudawa, ga kuma kewa tana cin yaro.

Daga nan sai integración, kusan mako guda na sabo, wanda a ƙarshensa jami'in hukumar zai duba ya tabbatar an shaƙu kafin a kai magana kotu. Ƙa'idar makon nan ɗaya ce, a ƙuntata duniyar yaro. Iyayen biyu kaɗai ke ba shi abinci, su yi masa wanka, su ɗauke shi, su rarrashe shi. Kaka da ta biyo tafiya, mai aikin masauki, direba, tafinta, duk su yi haƙuri su tura shi wurin uwa ko uba. A wurinmu da yaro na kowa ne, wannan zai yi kama da rowa. Dalilin kuwa shi ne yaron da ya bi ta hannaye da yawa ya koyi cewa kowane babba daidai yake da kowane, shi ya sa za ka gan shi yana rungumar baƙo a kanti. Mutane sukan ce yaro mai fara'a ne, masana kuwa sun san alama ce ta rashin sanin waye nasa.

Abin da ya fi karya zuciyar iyaye shi ne yaro ya zaɓi ɗaya ya ƙi ɗaya. Sau da yawa uwar ce yake turewa, don mace ce ta reni shi kuma mace ce ta ɓace masa, sai ya manne wa uba. Kada a tilasta shi. Wanda aka ƙi ya zama shi ne mai miƙo abin daɗi: shi ke zuba abinci, shi ke kawo ruwa, shi ke hura balan-balan, alhali yaro yana cinyar ɗayan. A hankali nisan yake raguwa.

Abinci kuma fage ne na kansa. Wani yaro zai ci har ya yi amai, wani ya ɓoye burodi a ƙarƙashin matashi, wani ya kulle baki kwana biyu. A ba shi abin da ya sani: shinkafa, miya, ayaba, ƙwai, da arepa, wainar masarar da ake ci a ƙasar. A ajiye ɗan kwano da biskit ko 'ya'yan itace inda hannunsa zai kai dare da rana, don ya tabbatar abinci ba zai ƙare ba. Idan ɗan shekara shida ya koma fitsarin kwance ko ya nemi a ba shi a baki, a yi masa ba tare da faɗa ba. A kuma tafi da kalmomi goma ko ashirin na Sifaniyanci a baki, kamar agua, baño, hambre da duele, wato ruwa, banɗaki, yunwa da ciwo.

Masauki: gidan haya mai kicin da injin wanki ya fi otal, kusa da filin wasan yara da kantin magani. Bogota, babban birnin ƙasar, tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 2,600, da sanyi da yawan ruwan sama. Baƙo yakan yi haki da ciwon kai a kwanakin farko, yaron da aka kawo daga yankin zafi kuma yana bukatar rigar sanyi nan take. Yawon buɗe ido a jinkirta shi. Fita ɗaya a rana ta isa, a lokaci guda, a dawo kafin barci.

Takardu kuwa jere suke, wata ba ta fita sai ta gabanta ta fito. Lauya ya shigar da magana gaban alƙalin iyali, alƙali ya ba da hukuncin da ake kira sentencia, da shi a karɓi sabuwar takardar haihuwa, da ita a yi fasfon Kolombiya, hukumar ta ba da shaidar cewa an bi Yarjejeniyar Hague, sannan biza. Masu zuwa Amurka sai sun kai yaro wurin likitan da ofishin jakadanci ya amince da shi, ɗan shekara biyu zuwa sama a yi masa gwajin jini na tarin fuka, a jira sakamako, sannan a buga wa yaron bizar shiga Amurka mai suna IH-3.

Wuri biyu ne aka fi makalewa. Na farko, harafi ɗaya da aka rubuta ba daidai ba a hukuncin kotu zai bi takardar haihuwa har fasfo, gyaransa kuma sai an koma gaban alƙali, don haka a karanta kowane suna da kowace lambar fasfo kafin a sa hannu. Na biyu, kotunan ƙasar suna hutu daga 20 ga Disamba zuwa 10 ga Janairu, da kuma makon Ista. Wanda maganarsa ta faɗa cikin wannan lokaci zai ƙara kwanaki da kuɗin haya. A sayi tikitin da ake iya canja masa rana, a roƙi wurin aiki hutu mai rara, a riƙe kuɗin aƙalla mako biyu a gefe.

Wanda yake ganin mako shida ya yi yawa, ya duba Yuganda: dokarta ta 2016 ta ce baƙo sai ya zauna shekara guda yana renon yaron a ƙasar. Ita ma Kolombiya ba ta sallami iyali a filin jirgi ba, tana jiran rahoton ma'aikacin walwala kan lafiyar yaro da zamansa a sabon gida har tsawon aƙalla shekara biyu.