Amsoshin Tambayoyinku: Ƙofa ɗaya, adireshi uku

Mai gabatarwa: Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Lokaci ya ƙure mana yau, don haka ba dogon gaishe-gaishe. Injiniya na nan kusa da ni, ya sha shayinsa, ba shi da uzuri.

Wani daga Maraɗi ya ce, adireshin IP shi ne lambar waya? A'a. Lambar waya ta layinka ce, adireshin IP kuwa lamba ce da ake ba na'urarka idan ta hau intanet, gobe ma tana iya canzawa.

Wani daga Gusau yana so mu koya masa shiga Wi-Fi na maƙwabcinsa. Haba malam, ka je ka yi sallama ka roƙa mana.

To ga wadda ta cika mana akwati. Da yawanku sun ce sun leƙa saitin waya sun ga adireshi uku ko huɗu a ƙarƙashin Wi-Fi ɗaya, suna tambaya ko an yi musu kutse. Sai wata ɗaliba daga Zariya da ke haɗa na'urar auna ruwan tanki da ESP32, wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai Wi-Fi. Ta ce laburaren sadarwar da ke ciki, wato manhajar da ke haɗa ta da intanet mai suna lwIP, adireshi ɗaya tak na tsohon tsarin IP, wato IPv4, yake ba kowace ƙofa, wato hanyar da na'ura ke hawa sadarwa kamar Wi-Fi, ita kuma biyu take so, ko ta gyara laburaren? Injiniya, bismillah.

Injiniya: To, ai sai mun koma 1981, lokacin da aka tsara IPv4. Adireshin da zai iya bayarwa kusan biliyan 4.3 ne, ana ganin ba za su ƙare ba. Sai ga shi a Fabrairun 2011 IANA, hukumar da ke raba adireshi ga yankunan duniya, ta raba na ƙarshe da ke hannunta. Mu nan Afirka daga AFRINIC ake karɓa, can ƙasar Morishus, kuma ita ma...

Mai gabatarwa: Ranka ya daɗe, an yi musu kutse ko ba a yi ba?

Injiniya: Ba a yi ba. Wanda ya fara da 192.168 na IPv4 ne, rautar gida, wato akwatin da ke raba Wi-Fi, ita ce ta ba ka. Dogayen nan masu haruffa na IPv6 ne, sabon tsarin da aka yi don maye gurbin IPv4, kuma tun asali an tsara shi ne ƙofa ɗaya ta riƙe adireshi da yawa. Mai farawa da fe80 na cikin gida ne, ba ya wuce rauta. Akwai na fita duniya, akwai kuma na wucin gadi da waya ke sauyawa lokaci-lokaci don kada a riƙa bin sawunka.

Mai gabatarwa: Ku ji da kyau, zan maimaita. Adireshi uku a waya ɗaya ba kutse ba ne. Kamar gidan haya ne, zaure ɗaya, magidanta uku, kowa da sunansa. Kada ku biya kowa kuɗin gyara a kan wannan. To ɗalibarmu fa?

Injiniya: Ta faɗi gaskiya. Adam Dunkels ne ya rubuta lwIP a Suwidin, domin ƙananan na'urori marasa yalwar ma'adana, shi ya sa aka yi tsimi. Kowace ƙofa gurbi ɗaya aka ware mata na IPv4, na IPv6 kuma guda 3 idan ba ka canza saitin ba. Ƙara gurbi ba wuya, aikin yini ne. Wahalar tana bayan nan. Duk inda laburaren ke cewa "saƙon nan nawa ne?", da adireshi ɗaya yake gwadawa, yanzu dole ya bi duka. Idan rauta ta yi cigiya ta ARP tana neman mai adireshi kaza, sai na'urar ta amsa da kowane suna, in ba haka ba saƙo ya tsaya a zaure. Wanda ya fi ba mutane ciwon kai kuma shi ne fita. Za ka aika saƙo, wane adireshi za ka rubuta a matsayin mai aikowa? Ka sa wanda bai dace ba, saƙonka ya isa lafiya, amsa ta ɓace a hanya, ka kwana kana zargin waya. IPv6 har ƙa'ida aka rubuta masa kan wannan zaɓi, RFC 6724, a 2012.

Mai gabatarwa: Wato ba ajiye sunayen ba ne aiki, sanin wanda za ka amsa da shi.

Injiniya: Haka ne. Ko a Linux ma, manhajar da ke tafiyar da kwamfutoci da yawa, da faci aka fara, ana laƙaba eth0:0 da eth0:1 kamar ƙofofi ne daban. Yanzu umarnin ip addr add ake amfani da shi, kuma tsohon umarnin ifconfig ba ya nuna adireshin da aka ƙara ba laƙabi. Na taɓa ɓata rabin dare a kan haka, a wani ofis da ba zan...

Mai gabatarwa: Injiniya, agogo. Ta gyara ko kada ta gyara?

Injiniya: Ni dai kada ta taɓa tukuna. In abin da take so shi ne adireshi tsayayye na shiga saiti, ga kuma wanda rauta ke bayarwa, ESP32 na iya hawa Wi-Fi na gida yana kuma buɗe nasa a lokaci guda. Ƙofofi biyu ke nan a wurin laburaren, kowace da adireshinta, na Wi-Fi ɗin da ya buɗe kan zama 192.168.4.1.

Mai gabatarwa: Kin ji, ƙanwata. Amma ke ma da laifinki, shafi biyu kika rubuto ba ki faɗi me za ki yi da adireshi na biyun ba. Ki sake rubuto mana, mu ji ko tankin ya cika.

Ta ƙarshe daga Kumasi: ko in kashe IPv6 a rautata? Bar shi, bai ci maka komai ba. Ana ɗaga mini hannu daga ɗakin sarrafa sauti, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.